Ɗorawar Inna Kulu

Wani saurayi ya tsaya gaban kwalaben zumata a kasuwar Tsafe, ya ɗaga ɗaya ya haska ta a rana, sannan ya ce wa abokinsa wai wannan ita ce sana'ar hutu, ƙudan zuma ya yi aiki tsoho ya kwashe. Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da goro. Amma maganar ta bi ni har gida. Tun da ba shi kaɗai ke faɗin haka ba, bari in ba ku amsa gaba ɗaya, ku samarin da kuke ganin ɗaura amya kamar rataya riga a ƙusa ne.

Sunana Isa, a gefen Kucheri nake zaune, kuma a cikin wannan sana'a gemuna ya yi fari. Hawan itace da shan harbi, waɗanda kuke tsoro, su ne ƙaramin aikin. Babban aikin ana yin sa ne da ƙafa da ido, a ƙarshen sanyi, lokacin da mutum ke fita da bargo ya dawo da shi a kafaɗa. A 'yan makonnin nan ake yawon duba itatuwa, a ga wanda ya fara fure da wanda ke shiri, a ga inda tsuntsaye suka karkata. Wanda ya yi barci a lokacin, shekararsa ta wuce.

Ranar da na fara bin Baba Tukur na zo da igiya a kafaɗa da wuƙa a kugu kamar mai zuwa farauta. Ba yaro ba ne ni, ina da iyali, noma ne ya kasa riƙe mu na ce bari in haɗa da wani abu. Baba Tukur mutumin 'Yandoto ne, gajere, marar son magana, wanda ƙuda ya harba har jikinsa ya gaji ya daina kumbura. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Aje su nan," ya ce. "Yau ba mu hawa, kallo za mu yi."

Muka fita bayan sallar asuba, yana gaba ina baya, har rana ta fara zafi. Da muka zauna a gindin wata tsamiya sai ya tambaye ni, "Mi kag gani?"

Na ce na ga itatuwa.

"Jaki ma ya ga icce," ya ce. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa muka koma gida. Haka muka yi ta yi har sanyin ya ƙare, ban taɓa igiya ba ko sau ɗaya. Na yi fushi ƙwarai a shekarar, har na ce wa mai ɗakina tsohon nan bara yake nema mai raka shi yawo.

A hankali idona ya buɗe. Gurjiya ce ke buɗe ƙofa. Tana tsaye babu ganye ko ɗaya, sai a wayi gari ta ɗauki jajayen furanni kamar an jera mata 'yan kofuna, in sun faɗo mata su tsince su yi miya. Ita ba ta cika amya, amma tana gaya maka shekara ta motsa. Bayanta sai kaɗanya, mai ƙananan furanni fari-fari a dunƙule a bakin reshe, wadda hanci ke riga ido sanin ta fara. Mangwaro na nan tsakani yana nasa. Ɗorawa kuwa a ƙarshe take zuwa da tuntunta, ja, rataye da dogon wuya kamar tuntun hula. Kafin tuntun ya buɗe ɗan gunda ne kore-kore da bai fi kan yatsa ba, wanda bai san shi ba sai ya wuce ƙarƙashinsa yana neman fure.

Da a ce haka suke bin layi kowace shekara, da ko a gado mutum zai iya sana'ar. To, ba haka ba ne. Itacen da ya yi nauyi bara yana iya hutawa bana. Kaɗanyar bakin rafi tana riga ta tudu. Inda wutar mafarauta ta bi, wani itacen ya yi gaggawa wani ya yi fushi ya ƙi. Ka ɗaura amyarka inda babu fure, taron ƙuda ya wuce ta ko kallo, ka tashi ka gina wa ƙadangare da cinnaku gida kyauta.

Tsuntsaye su ne 'yan rahotonmu, don su suna sama mu muna ƙasa. Inda hasbiya da kurciya suka nufa da sassafe, can ruwa yake, ƙuda kuwa ba ya zama nesa da ruwa. Tsirya ɓarna gare ta, in ta sauka a itace sai ta yayyage fure ta zubar, kai kuma ka sunkuya ka karanta a ƙasa abin da ke sama. Akwai wasu koraye masu dogon baki da ke jeruwa bisa busasshen reshe suna cafke ƙuda a iska. In ka gan su ka ji haushi, ka kuma gode, domin ba sa zama inda babu ƙuda. Amma wanda Baba Tukur ya fi yarda da shi shi ne sha-kauci, ɗan mitsitsi mai lanƙwasasshen baki, namijin yana ƙyalli in rana ta taɓa shi. Ruwan fure yake sha, kuma ya fi son na kauci, wato tsiron nan da ke kama reshen itace yana tsotsarsa. Ba ya ɓata lokacinsa a reshen da babu komai.

Amyar farko da na saƙa da hannuna, Baba Tukur ya sa ƙafa ya taka ta ta lotse, ya ce in sake. Da gamba ake saƙa ta, doguwa kamar ganga, a shafe ta da kashin shanu ciki da waje, a bar ta ta bushe a inuwa. Sannan a yi mata turare, don ƙuda ba ya shiga ɗakin da bai yi masa ƙamshi ba. Kowane mai amya da haɗin turarensa, nawa kuma ba a takarda zan ba ku shi ba, sai wanda ya biyo ni daji. A rufe bakin da faifai a huda 'yar ƙofa, a ja ta sama da igiya a zaunar da ita a gwafar reshe, bakinta ya kauce wa inda ruwa ke bugowa. In lokacin ɗiba ya yi, hayaƙi ake sa wa ƙuda, ba wuta ba, kuma ba a taɓa saƙar da ke da 'ya'ya. Abin da aka ɗebo, kafin ka lasa, sai ka fitar da rabon mai itace ka kai masa har gida.

Masu saye kuwa, Allah ya ba mu haƙurin zama da su. Na kai zuma Gusau shekara da shekaru, na ga gwaji iri-iri. Wani Alhaji sai ya tsoma ashana ya ƙyasta. Wata Hajiya sai ta ɗiga a ƙasa ta tsuguna tana jiran ta ga ko za ta dunƙule. Wani kuma ya rantse ba zai saya ba sai ya ga gawar ƙuda a ciki, bai san masu dafa sukari sun gane shi tuni ba, har ƙudan suke tsinta su jefa masa. A duk rayuwata mutum ɗaya na sani wadda za ta sa yatsa ta lasa ta gaya maka itacen da zumar ta fito. Ita ce Inna Kulu.

Inna Kulu tsohuwa ce mai daddawa, mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata gona a bayan gari da wata ɗorawa a tsakiyarta wadda mutum uku ba za su rungume ba. A kan ɗorawar nan Baba Tukur ya ɗaura amyarsa ta farko, a kanta kuma ya bar mini ƙudansa lokacin da ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Amya ta ruɓe na sake wata, wannan ma ta ruɓe na sake, amma gwafar reshen ba ta taɓa zama babu ƙuda ba. Ɗorawar tana da hali ɗaya: sai duk 'yan'uwanta sun gama ado take fara nata, shi ya sa Baba Tukur ke ce mata makararriya. Da kalwarta Inna Kulu ta yi daddawar da ta aurar da 'ya'yanta. In na kai mata rabonta sai ta lasa ta ce, "Wagga ta ɗorawata ta." In kuwa na haɗa mata da ta wani wuri, sai ta tura mini ƙwaryar ta ce in ji tsoron Allah.

Sai shekarar da daji ya gagari shiga. Ba sai na yi muku bayani ba, kun san abin da ya same mu. Amyoyina da ke can cikin duwatsu, na bar su a rataye, har yau ban san abin da ya ci su ba. Yawon da nake yi tun asuba har azahar ya koma ɗan zagayen bayan gari, inda in ka ɗaga murya za a ji ka daga masallaci. Mutanen ƙauyuka suka taso suka cika gari, kowa na buƙatar itacen girki da na rufi, manyan itatuwan kusa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin in farga, babbar amya guda ta rage mini, ita ce ta ɗorawar Inna Kulu. Ita ma ɗorawar kauci ya kama ta, ta yi shekara biyu ba ta ba da ko tuntu ɗaya ba.

Sanusi, babban ɗan Inna Kulu, ya zo ya same ni a ƙofar gida ina gyaran faifai. Magidanci ne mai ladabi, ya cire takalmi ya tsuguna.

"Baba, na taho in shaida maka ka sauke amyakka," ya ce. "Za mu kada ɗorawa."

Ban yi masa faɗa ba, don na san abin da ke gidansa. Gonarsa ta nesa ta tafi. Ƙanensa ya gudo daga ƙauye da mata da 'ya'ya, duk suna tukunya ɗaya. Gonar bayan gari ce kaɗai za ta ciyar da su, inuwar ɗorawar kuwa ta cinye wuri mai yawa inda gero ba ya yin kai. Itacen da ke ba da kalwa ana yafe masa inuwa. Wanda ya daina, da me zai kare kansa?

Na tafi wajen Inna Kulu, na same ta zaune a tabarma tana tsince wake.

"Ni ba ni hana shi, Isa," ta ce. "Bakuna sun yi yawa gidanga. Amma na ce mai, in ta yi hure ba a taɓa ta. Ubanai bai taɓa saran icce mai ciki ba, shi ma ba shi farawa ina da rai."

Haka abin yake a wurinmu. Itacen da ya ɗauki fure kamar akuya mai ciki ne, ko yunwa ta kai ina ba a sa masa ƙarfe. Sanusi bai yi gardama ba. Ya ce mai injin yanka daga Bungudu zai zo kafin a fara sharar gona, in na nuna masa fure kafin nan, ko guda ne, magana ta mutu.

Ban taɓa yin yawon duba irin na wannan shekarar ba. Kullum in na idar da sallah sai in ɗauki sandata in nufi gonar. Gurjiyar bakin hanya ta yi ta zubar. Kaɗanyar gonar liman ta yi ƙamshi ta gama. 'Yan ɗorawun da suka rage a gefen rafi suka fitar da gunda, suka buɗe, yara na jifa suna tsotsar ruwan tuntun. Makararriya kuwa shiru. Ta sake sabon ganye, ga kuma kauci ya yi cunkus a samanta kamar sheƙar shamuwa. Ina zagaya ta ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage, idona kuma ba na da ba ne.

Wata safiya ina tsaye a gindinta na lura da ƙudana. Maimakon su fito daga amya su miƙe gabas wajen rafi kamar kullum, sai wasunsu su fito su yi sama a tsaye su shige cikin ganye. Ban gama kallon wannan ba sai ga sha-kauci biyu, sun wuce kaucin da ke ƙananan rassa ko tsayawa ba su yi ba, suka haye can ƙololuwa. Na tafi da sauri na kira Sanusi.

Ya zo, ya kare ido da tafin hannu, ya zagaya ta ya sake zagayawa. Ba don ya ƙi gani ba, na shaide shi, ya duba tsakaninsa da Allah.

"Baba, ban ga komi ba."

"Dubi tsuntsayen can."

"Na gane su. To ai kauci ya cika ta, shi yak kawo su."

Na ce masa kaucin ya gama furensa tuni, kuma ƙuda ba ya hawa sama don shan iska. Sai ya fara naɗe ƙafar wandonsa.

"Bari in hau in gani, mu huta."

Na riƙe masa hannu. Rassan saman kauci ya cinye cikinsu, ga amya cike da ƙuda a kan hanya, ga rana ta fito. Ni kaina gwafar farko kaɗai nake iya kaiwa yanzu. Mutumin da ke ciyar da gida biyu ba zai hau ruɓaɓɓen reshe don zumata ba, kuma babu ɗan wanda zan tura. Na ce a ƙara mata kwanaki. Ya ƙara. Na sake roƙo ya sake ƙarawa, har maƙwabtansa suka fara ƙona sharar gonakinsu. Alkawari fure ne a ido, ni kuwa tsuntsu kawai nake da shi. Sai mai inji ya aiko cewa in bai zo yanzu ba sai baɗi. Na sauke amyar da magariba na kai ta kan mangwaron bayan gidana.

Da hantsi aka kada ta. Mai injin ya yi bisimilla ya sa ƙarfe, ƙarar ta kori duk tsuntsun da ke gonar. Ta daɗe tana gardama, sannan ta yi wani irin nishi ta kwanta, ƙasa ta girgiza har ƙafafunmu. Kanta ya faɗo kusa da inda nake tsaye. Na matsa na ɗaga wani reshe da sandata.

Gunda ne ko'ina. Duk rassan saman sun ɗauka, rataye bi da bi, fiye da duk shekarar da na san ta. A tsakiyar cunkoson kaucin kuma ga 'yan tuntaye da suka riga suka buɗe, jajaye, da danshinsu.

Mai injin ya leƙo ya gani, ya kashe injinsa, ya ce, "Innalillahi. Da na sani ba ni taɓa ta." Sanusi ya tsuguna ya dafe kai. Ban ce masa na gaya maka ba. Me zan yi da wannan maganar? Baƙin ciki ya kama ni irin wanda rabona da shi tun ranar da muka rufe Baba Tukur.

Wani ya je ya faɗa wa Inna Kulu, ta taho da sanda a hankali. Ta tsinke tuntu ɗaya ta juya shi a tafin hannunta. Ta dubi ɗanta, ba ta ɗaga murya ba.

"Tashi, Sanusi. Ba ka sani ba. Amma kar a daddatsa ta yanzu. Ku bar ta ta ƙare abin da ta faro."

Aka sallami mai inji, aka bar ta kwance. Itace babba ba ya mutuwa rana ɗaya, akwai sauran ruwa a jikinsa. Washegari da na zo, wasu gundayen sun buɗe. Ƙudana kuma, da yake ba nisa na kai su ba, sun dawo neman tsohon gidansu, ba su same shi ba, suka sami fure a ƙasa suka hau aiki. Sha-kauci ma ya dawo. Ni da na ƙare rayuwata ina ɗaga kai, ga shi yana shan tuntu daidai gwiwata, ina ganin yadda maƙogwaronsa ke motsi. Kullum sai na je na zauna a kan gangar jikinta har rana ta yi zafi. Ta yi 'yan kwanaki tana buɗewa, sannan ganyen ya yi yaushi, sauran gundayen suka bushe a rufe.

Da damina ta sauka Sanusi ya shuka gero har gindin kututturen, ya kuwa yi kyau. Gidan ya ci, ni ma an aiko mini da dami na ci. Ba zan ce muku bai yi daɗi ba.

Kafin nan, da bazara, na ɗebi zumar amyar. Ba ta da yawa. Ban kai kasuwa ba, ban fitar da rabo ba, na juye ta duka a ƙwarya na kai wa Inna Kulu. Ni na san abin da ke ciki. 'Yan kwanakin da ƙuda ya yi a kan ɗorawar ba za su cika ko ludayi ba, sauran duk mangwaro ne da darbejiyar cikin gari. Na ajiye a gabanta ina jiran ta turo mini ƙwaryar ta ce in ji tsoron Allah.

Ta sa yatsa ta lasa, ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Wagga ta ɗorawata ta," ta ce.

Na ce, "Ita ta, Inna." Ta jawo faifai ta rufe ƙwaryar, ta tura ta ƙarƙashin gado.